Daga Jos zuwa Jidda ta jirgin sama: nisan tafiyar da abin da ke ƙayyade tsawon lokacinta

Tsakanin Filin Jirgin Sama na Yakubu Gowon da ke Heipang, kimanin kilomita 30 kudu da birnin Jos, da Filin Jirgin Sama na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda a ƙasar Saudiyya, akwai tazarar kimanin kilomita 3,500 idan aka bi hanya mafi gajarta ta sararin samaniya. Jirgin fasinja na zamani zai iya cinye wannan tazara cikin awa huɗu da rabi ko kusa da haka, daga lokacin da tayoyinsa suka bar ƙasa zuwa lokacin da suka sake taɓa ta. Zuwa Filin Jirgin Sama na Yarima Muhammad bin Abdul'aziz da ke Madina kuwa, inda akasarin maniyyatan Najeriya ke fara sauka a 'yan shekarun nan, nisan ya kai kimanin kilomita 3,660, wato ƙarin minti goma zuwa goma sha biyar a kan na Jidda.

Wannan shi ne lissafin taswira. A aikace, babu jirgin fasinja mai jadawali da ke tashi kai tsaye daga Jos zuwa Saudiyya, domin filin Heipang na zirga-zirgar cikin gida ne. Maniyyacin da ya fito daga Jos, ko Mangu, ko Wase, ko Kanam, sai ya fara kai kansa wani filin jirgin kafin tafiyar ta soma. Kuma ko bayan ya shiga jirgi, sa'o'in da zai yi a sama sun dogara da abubuwan da ba sa bayyana a jikin taswira: iskar da ke kaɗawa a can sama, da nauyin jirgin, da yanayin filin da ya tashi, da kuma ko ƙasashen da ke kan hanya sun bar sararin samaniyarsu a buɗe.

Yadda ake auna nisan

Duniya dunƙulalliya ce, saboda haka layin da ya fi gajarta tsakanin wurare biyu masu nisa ba ya miƙewa sak a kan taswirar da aka shimfiɗa a takarda. Hanya mafi sauƙin gane shi ita ce a ɗauki taswirar nan mai siffar ƙwallo, a ɗora zare daga Jos zuwa Jidda, a ja shi ya yi tsam. Inda zaren ya kwanta, nan ne hanya mafi kusa, kuma da ita ake fitar da alƙaluman nisa da kamfanonin jirage ke bugawa.

Filin Heipang yana kan digiri 9.6 arewa da layin ikwaita, da digiri 8.9 gabas da layin Girinwic. Na Jidda yana kan digiri 21.7 arewa da digiri 39.2 gabas. Idan aka haɗa waɗannan alƙaluma, kusurwar da ke tsakanin wuraren biyu daga tsakiyar duniya ta kai digiri 31 da rabi. Kowane digiri ɗaya kuwa kimanin kilomita 111 ne a doron ƙasa. Daga nan aka samu kilomita 3,500. Mai karatu zai iya cin karo da wasu alƙaluma biyu dabam a shafukan intanet, 2,175 da 1,890, kuma duka daidai ne. Na farko mil ne na ƙasa, wanda kowanne ya kai mita 1,609. Na biyu mil ne na teku, mai mita 1,852, wanda da shi matuƙa jirage da jami'an hasumiya ke aiki.

Domin kwatance, da irin wannan lissafi Kano zuwa Jidda kimanin kilomita 3,420 ne, Bauchi 3,370, Abuja 3,690, Legas kuwa kusan 4,200. Jos ta fi Abuja kusa da Jidda da kusan kilomita 190. Ma'ana, maniyyacin Filato da aka kai Abuja domin ya tashi ya yi baya ne da inda ya nufa, sa'annan jirgin ya dawo da shi ta saman yankin da ya baro.

Akwai wani abu da lissafin ke nunawa wanda ya shafi ibada. Jirgin da ya tashi daga Jos ya nufi Jidda ta hanya mafi gajarta zai fuskanci kusurwar digiri 64 daga arewa, wato gabas da ɗan karkata zuwa arewa. Alƙiblar Jos kuwa tana kan kusan digiri 65. Hancin jirgin ke nan na kallon inda masallatan Jos ke kallo, da bambancin da ido ba zai gane ba.

Ƙasashen da ke ƙarƙashin jirgin

Zaren da aka ja daga Heipang zai ratsa jihar Bauchi da sassan arewa maso gabas, ya wuce dab da kudancin Maiduguri, ya ƙetare siririn wuyan arewacin Kamaru, ya shiga Cadi kaɗan arewa da Njamena. Daga nan ya bi arewa da garin Abeche, ya faɗa Sudan ta arewacin Darfur, ya tsallake Kogin Nilu a yankin Dongola, nesa da Khartum ta arewa, ya kai gaɓar Bahar Maliya arewa da Port Sudan. Ƙetaren tekun zuwa Jidda bai wuce 'yan mintuna ashirin ba. Fiye da kashi huɗu cikin biyar na tafiyar a saman Cadi da Sudan da arewa maso gabashin Najeriya ake yin ta.

Wannan layi bai yi nisa da tsohuwar hanyar alhazan ƙafa ba. Kafin zuwan jirgin sama, mutanen ƙasar Hausa da Borno kan bi ta Fort Lamy, wadda ita ce Njamena ta yau, su wuce Abeche da El Geneina da El Fasher da El Obeid, su kai Khartum, sa'annan su gangara tashar Suakin a bakin teku su jira jirgin ruwa. Tafiyar kan ɗauki shekaru, domin mutum kan tsaya ya yi noma ko ƙwadago ya tara guzurin zango na gaba. Da yawa ba su ƙarasa ba, wasu kuma ba su dawo ba. Zuriyarsu na nan a Sudan har yau. Garin Mai Wurno da ke kusa da Sennar, a bakin reshen Kogin Nilu mai gangarowa daga Habasha, ya samo sunansa ne daga Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, wanda ya ja ragowar masu hijira gabas bayan yaƙin Burmi na 1903.

Jiragen sama na farko ma wannan hanya suka biyo, sai dai daga gabas suka fito. A ranar 1 ga Nuwamban 1925 jirage uku na sojan saman Ingila suka sauka a Kano, bayan sun taso daga Masar sun yi ta ya da zango ta Sudan da Cadi. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya buɗe zirga-zirga tsakanin Khartum da Kano. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kuma, ta Kano da Maiduguri da El Fasher aka riƙa tura jiragen yaƙi daga Takoradi zuwa Masar. Bayan yaƙin ne attajiran Kano, ciki har da Alhaji Mahmud Dantata, suka kafa hukumar jigilar alhazan Afirka ta Yamma, wadda taƙaitaccen sunanta, Wapa, ya zama sunan unguwa a Fagge. Abin da ya taɓa cin shekaru ya koma makonni a mota, ya koma kwanaki a ƙananan jirage masu tsayawa shan mai, daga bisani ya koma rabin yini.

Awa nawa ake yi a sama

Jiragen da ke jigilar alhazai, kamar Boeing 747 da Boeing 777 da Airbus A330, kan yi gudun kilomita 850 zuwa 900 a awa ɗaya idan sun daidaita a sama, a tsayin mita 10,000 zuwa 12,000. Idan aka raba 3,500 da 850 za a samu awa huɗu da 'yan mintuna. Amma jirgi ba ya wannan gudu tun daga farko har ƙarshe. Yana ɗaukar kusan minti ashirin zuwa talatin kafin ya kai tsayin da ake so, sa'annan yana rage gudu tun da sauran nisa idan zai sauka. Hanyoyin sama da aka shata ma ba sa bin zaren daidai wa daida. Suna bi ne daga wata alama zuwa wata, kuma kowace karkata na ƙara 'yan kilomitoci. Shi ya sa ake ƙiyasta awa huɗu da rabi.

Lokacin da ake rubutawa a tikiti ya fi wannan, domin kamfanoni na ƙirgawa ne daga sa'ar da jirgi ya motsa daga inda aka ajiye shi zuwa sa'ar da ya tsaya cik a ɗaya filin. A Jidda, lokacin aikin Hajji, jirage kan yi layi a sama da ƙasa, kuma tafiya a hankali daga titin sauka zuwa tashar alhazai mai rufi kamar tantuna, wadda aka buɗe tare da filin a 1981, kan ci nata lokacin. Awa biyar a kan tikiti ba abin mamaki ba ne.

Sai batun iska, wanda shi ne dalilin da ya sa zuwa da dawowa ba sa zama daidai. Wasu kan ɗauka juyawar duniya ce ke jawo bambancin, wai jirgi na jiran ƙasa ta juyo masa. Ba haka abin yake ba, domin iskar da jirgin ke ciki tana juyawa tare da duniyar. Abin da ke tasiri shi ne guguwar da ke kwarara a can sama. A watannin damina, musamman Yuli da Agusta, iska mai ƙarfi na kaɗawa daga gabas zuwa yamma a saman yankin Sahel, saboda haka mai tafiya Saudiyya na tunkarar ta, mai dawowa kuwa tana tura shi. A lokacin hunturu lamarin kan sauya a sashen arewa na hanyar, inda iskar yamma ke ƙarfi a saman Masar da arewacin Sudan da Bahar Maliya, sai zuwa ya fi dawowa sauri. A misali, iska mai gudun kilomita 50 a awa za ta mayar da gudun jirgi 800 idan tana gabansa, 900 idan tana bayansa. A kan kilomita 3,500 bambancin ya kusan rabin awa. Tun da aikin Hajji na matsowa gaba da kimanin kwana 11 kowace shekara, kamar yadda tsayuwar Arfa ta kasance ranar 27 ga Yuni a 2023, 15 ga Yuni a 2024, da 5 ga Yuni a 2025, iskar da alhazai ke tararwa ma na sauyawa sannu a hankali daga shekara zuwa shekara.

Agogo da lokutan salla

Saudiyya na gaban Najeriya da awa biyu, kuma babu ɗaya daga cikin ƙasashen biyu da ke sauya agogo tsakanin rani da damina. Jirgin da ya tashi da ƙarfe 10:00 na safe agogon Najeriya, ya yi awa huɗu da rabi, zai sauka da ƙarfe 4:30 na yamma agogon Jidda. A dawowa kuwa, wanda ya tashi da ƙarfe 10:00 na safe agogon Jidda zai sauka da ƙarfe 12:30 na rana agogon gida. Nan ne mutane ke yawan rikicewa, har wani ya rantse zuwa awa shida da rabi ne, dawowa biyu da rabi. Tikiti na rubuta lokacin tashi da na sauka ne da agogon garin da abin ya faru.

Bambancin digiri 30 da ke tsakanin Jos da Jidda daga yamma zuwa gabas ya yi daidai da awa biyu na tafiyar rana, tun da rana na ƙetare digiri 15 kowace awa. Mai tafiya gabas yininsa na gajarta: idan ya tashi da hantsi, azahar za ta riske shi da wuri a saman Cadi ko Darfur, kuma yana iya sauka la'asar ta riga ta yi. Haka nan batun mikati ga wanda zai sauka Jidda ya wuce Makka kai tsaye. Jirgi na cin kimanin kilomita 14 a minti ɗaya, don haka sanarwar da ake yi a cikin jirgi ba ta barin lokacin canza tufafi, shi ya sa malaman bita ke shawartar maniyyata su shirya tun kafin shiga. Wanda ya fara sauka Madina ba shi da wannan damuwa, domin zai ɗaura harami ne a Zul Hulaifa idan ya tashi tafiya Makka, tafiyar kimanin kilomita 450 ta ƙasa.

Darasin rufe samaniyar Sudan

Babu abin da ya nuna iyakar lissafin taswira kamar abin da ya faru a 2023. A ranar 15 ga Afrilun shekarar yaƙi ya ɓarke a Khartum tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF, aka rufe sararin samaniyar ƙasar, saura 'yan makonni a fara jigilar maniyyatan Najeriya, waɗanda aka ware wa kujeru 95,000 a shekarar. Matsalar ta haɗa da Sudan ta Kudu, domin daga Khartum ake kula da jiragen da ke ratsa can saman samaniyarta.

Ga jirgin da ya fito daga tsakiyar Najeriya, hanya biyu ta rage. Ta arewa, a bi Cadi a shiga kudu maso gabashin Libiya, a ratsa kudancin Masar a faɗa Bahar Maliya. A kan taswira wannan bai wuce ƙarin kilomita 400 ba. Sai dai samaniyar Libiya ta daɗe cikin jerin wuraren da hukumomin sufurin jirage na ƙasashe da dama ke gargaɗi a kansu, kuma kamfanonin inshora na lura da irin wannan gargaɗi. Ta kudu kuwa sai a bi Kamaru da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, a gangara wajen Yuganda, a hauro ta Habasha zuwa Bahar Maliya. Idan aka auna wannan zagaye daga Jos ta Bangui da Entebbe da Addis Ababa, ya kai kusan kilomita 5,500. Ƙarin kilomita 2,000 ke nan, wato sama da awa biyu, abin da ke mayar da tafiyar awa huɗu da rabi ta koma kusan awa bakwai.

Awa biyu a sama kuɗi ne masu yawa. Boeing 747 na ƙona kimanin tan 10 na mai a kowace awa, kuma kowace ƙasa da aka ratsa samaniyarta na karɓar kuɗin wucewa. Ga kuma ƙa'idar sa'o'in aikin matuƙa, wadda ba ta barin a tsawaita musu aiki yadda aka ga dama, ga raguwar sawun da jirgi ɗaya zai iya yi a rana. A farkon watan Mayun 2023 kamfanonin cikin gida da aka zaɓa domin jigilar suka jinkirta sanya hannu a kan yarjejeniya da Hukumar Alhazai ta Ƙasa, wato NAHCON, sa'annan batun ƙarin dala 250 a kan kowace kujera ya taso, bayan maniyyata sun riga sun biya kuɗin da aka sanar. Yaƙin da ake yi a wata ƙasa ya shiga aljihun manomin dankali na Bokkos da ɗan kasuwar Faringada. Daga baya Sudan ta sake buɗe wani yanki na gabashinta, wajen Port Sudan, amma Darfur, inda zaren ya ratsa, na cikin wuraren da faɗan ya fi tsanani.

A shekarar dai aka sake ganin irin haka ta wani gefen, lokacin da Nijar ta rufe samaniyarta a watan Agusta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, jiragen da ke tsakanin Turai da Najeriya suka koma yin zagaye.

Me ya hana a tashi daga Heipang?

Tambaya ce da mutanen Filato ke yawan yi, kuma amsar da aka fi bayarwa ita ce tudu. Akwai gaskiya a ciki. Filin, wanda ke ɗauke da sunan Janar Yakubu Gowon, ɗan asalin jihar da ya shugabanci Najeriya daga 1966 zuwa 1975, yana kan tsayin mita 1,290 daga matakin teku, alhali na Kano na kan mita 476, na Abuja 342, na Jidda kuwa mita 15 kacal. Iska na yin sakayau gwargwadon yadda aka hau sama, zafi kuma na ƙara mata rashin kauri. Da rana mai zafin digiri 28 a Heipang, kaurin iskar bai wuce kashi 82 cikin ɗari na abin da aka ɗauka a matsayin mizani a bakin teku ba, kuma jirgi na jin kamar yana tashi ne daga tsayin sama da mita 2,000. Injin na samun ƙarancin iskar da zai zuƙa, fukafukai na buƙatar ƙarin gudu kafin su ɗauki nauyi, saboda haka jirgi na cin doguwar tazara a ƙasa kafin ya ɗaga. Wannan ne ya sa filayen da ke kan tudu ke da dogayen tituna: na Nairobi, a tsayin mita 1,624, ya haura mita 4,100, na Johannesburg, a tsayin kusan mita 1,700, ya kai 4,400. Titin Heipang mita 3,000 ne, na Kano 3,300, na Abuja kimanin 3,600.

Amma tudu kaɗai bai isa hujja ba. Addis Ababa na kan tsayin sama da mita 2,300, kuma daga can manyan jirage ke tashi kullum zuwa Asiya da Turai. Haka kuma kilomita 3,500 gajeriyar tafiya ce ga jirgin da aka ƙera domin ya yi ninki ukunta. Boeing 747-400 na iya tashi da nauyin da ya kusan tan 400, amma zuwa Jidda ba ya buƙatar ko rabin tankinsa, ko da an haɗa da man ko-ta-kwana da doka ta wajabta: ƙari a kan na tafiyar, da wanda zai kai shi wani filin idan sauka ta gagara, da na shawagin minti 30. Jirgi marar cikakken nauyi da ya tashi da asuba ko da dare, lokacin da sanyin Filato ya ƙara wa iska kauri, ba ya fuskantar matsalar da zai fuskanta da tsakar rana. Matsakaitan jirage irin Boeing 737-800, masu iya tafiyar sama da kilomita 5,000, su ma za su iya kai wa Jidda ba tare da tsayawa ba.

Abubuwan da suka fi yanke hukunci su ne waɗanda fasinja ba ya gani. Ƙa'idar Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Duniya ta raba filaye zuwa matakai gwargwadon motocin kashe gobara da ruwa da kumfar da suke da shi, kuma tsawon jirgi ne ke nuna matakin da yake buƙata: Boeing 737-800 mataki na 7, Airbus A330-300 da Boeing 747-400 mataki na 9. Sai ƙarfin kwaltar titin da ta wurin ajiye jirage, da faɗin wurin juyawa, da fitilun saukar dare, da na'urorin da ke jagorantar jirgi cikin hazo ko ruwan sama, da ma'ajiyar man da za ta cika babban jirgi sau da yawa a mako. Sa'annan dole a girke jami'an shige da fice da na kwastam da na lafiya da na hana fataucin miyagun ƙwayoyi. Duk waɗannan kuɗi ne da za a kashe domin aikin 'yan makonni a shekara, kuma Hukumar Kula da Filayen Jiragen Sama ta Tarayya, FAAN, da gwamnatin jiha ne za su auna ko yawan matafiyan ya kai. Masu goyon bayan ɗaukaka filin na da hujja mai ƙarfi idan suka haɗa alhazai da Kiristoci masu ziyarar Isra'ila da Jodan, da kuma dankalin turawa da kayan lambun da Filato ke nomawa, waɗanda ke lalacewa a doguwar tafiyar mota. Alhazai su kaɗai ba za su riƙe filin ƙasa da ƙasa ba.

Batun yanayi ma ba na wasa ba ne a tarihin jigilar alhazan Najeriya. Jirgin da ya yi hatsari a Kano ranar 22 ga Janairun 1973, inda mutum 176 suka rasu, daga Jidda ya taso zuwa Legas, rashin kyawun yanayi ya sa aka karkatar da shi. Wanda ya faɗi a Jidda ranar 11 ga Yulin 1991 jim kaɗan bayan ya tashi zuwa Sakkwato, da mutum 261 a ciki, bincike ya gano tayoyinsa ba su da isasshiyar iska, kuma an bar shi ya tashi ne domin kada jadawali ya ɓaci. Jinkirin da ke ɓata wa maniyyata rai a sansani, wani lokaci irin wannan dubawar ce ke jawo shi.

Tafiyar da ke gaban tafiya

Gwargwadon tsarin da NAHCON ta fitar a kowace shekara, maniyyatan Filato kan tashi ne daga filayen maƙwabta kamar Bauchi ko Kaduna ko Abuja. Daga Jos zuwa Bauchi kimanin kilomita 130 ne ta Toro. Zuwa Abuja ta Akwanga da Keffi ya kusan kilomita 300, kuma ayarin motocin bas ba ya gudun ƙaramar mota, ga shingayen bincike, ga gangaren tsaunin da ke sauko da matafiyi daga Filato. Ba wuya wannan zango ya ci awa biyar ko fiye, wato ya zarce lokacin da jirgi zai yi daga Najeriya har Bahar Maliya. Wanda ya fito daga Shendam ko Langtang ko Wase kuwa yana da tafiyar sa'o'i kafin ma ya iso Jos. Mai tafiya Umara da kansa na iya hawa jirgin cikin gida: Jos zuwa Abuja kilomita 190 ne ta sama, Jos zuwa Legas kimanin 700, amma jiran jirgi na gaba, musamman idan tikitin ya bi ta Alƙahira ko Addis Ababa, kan mayar da tafiyar yini guda cur ko fiye.

Saurin jirgin na da wani sakamako da ya fi shafar mutanen Filato. Alhazan ƙafa na dā sun riƙa sabawa da zafi zango bayan zango. Na yau kan bar garin da ake lulluɓa da bargo da dare, inda sanyin hunturu kan sauka ƙasa da digiri 15, ya tsinci kansa cikin sa'o'i kaɗan a Hijaz. A aikin Hajjin 2024 zafi ya haura digiri 51 a Makka, kuma hukumomin Saudiyya sun sanar da rasuwar mutum 1,301, akasarinsu waɗanda suka yi doguwar tafiya a rana ba tare da izinin aikin ba. Jami'an lafiya kan shawarci tsofaffi su yawaita shan ruwa tun a cikin jirgi, su riƙa miƙe ƙafa a tsakanin kujeru idan tafiyar ta haura awa huɗu, su kuma guji fita da tsakar rana a kwanakin farko. Daga filin jirgin Jidda akwai sauran kusan kilomita 100 zuwa Makka, a bas ko a jirgin ƙasa na Haramain da aka buɗe a 2018, wanda ke da tasha a cikin filin.